Kaskon ruwa a gindin magarya: hakkin ƙananan halittu a gidan muridi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya shimfiɗa ƙasa domin talikai baki ɗaya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, wanda aka aiko rahama ga dukkan halitta, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu.

Bayan haka, duk wanda ya saba zaman wazifa da asuba ya san cewa ba muridai kaɗai ke ɗaga murya a wannan lokaci ba. Kafin a kai ƙarshen istigfari kurciya ta fara daga kan dogon yaro, gwara ta karɓa daga bakin indararo, tsattsewa kuma ta fito tana kewaya hasumiyar masallaci. Alƙur'ani ya riga ya faɗi abin da suke yi. A Suratul Isra'i, aya ta 44, Allah ya sanar da cewa babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, mutane ne dai ba su fahimtar tasbihin. A Suratun Nur, aya ta 41, ya ambaci tsuntsaye suna shimfiɗe da fukafukai, ya ce kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. A Suratu Sad kuma ya ba da labarin Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata gare shi, yadda duwatsu da tsuntsaye ke taya shi tasbihi safe da yamma. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga ɗan ɗariƙa, ana jin sa a tafsirin azumi kowace shekara. Abin da ya rage shi ne mutum ya dubi tsakar gidansa ya tambayi kansa ko waɗannan masu zikiri suna da wurin sauka a cikinta.

Tambayar ta zama dole saboda yadda gidaje ke sauyawa. A sababbin unguwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, wanda Allah ya buɗa wa ya sayi fili, abu na farko da yake yi shi ne ya sare aduwar da ya tarar a ciki, ya zagaye da katanga, ya malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa don kada ƙura ta tashi. Gidan ya yi kyau a ido, shara ta yi sauƙi. Amma idan Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, simintin nan yana riƙe wuta har tsakar dare, ruwan da aka zubar yana gudu waje ta rariya, tsuntsun da ya sauka bai samun ko tsinke. Mai gidan zai shimfiɗa farin ƙyalle ya yi wazifa da iyalinsa, Allah ya karɓa, sai dai ya kori maƙwabtan da ya kamata su taya shi.

Kalmar maƙwabta ba ƙari ba ce. An ruwaito cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim, Allah ya yarda da shi, yakan marmasa wa tururuwa gurasa, yana kafa hujja da cewa maƙwabtansa ne kuma suna da hakki a kansa. Suratul An'am, aya ta 38, ta kira dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi kwatankwacin mutane. Al'umma kuwa tana da gida, tana da ƴaƴa, tana da lokacin yunwa da na ƙoshi. Imam Ƙushairi ya kawo a Risalarsa cewa Abu Yazid Bisɗami ya sayi ƙwayar wani tsiro a Hamadan, da ya koma Bisɗam sai ya ga tururuwa biyu a cikin ragowar, ya juya ya mayar da su inda ya ɗauko su, alhali tsakanin garuruwan biyu tafiyar kwanaki ce masu yawa. Masu tarihi kuma sun kawo cewa Amru ɗan Asi, lokacin buɗe Masar, da zai tashi zuwa Iskandariyya sai ya tarar kurciya ta yi ƙwai a kan hemarsa, ya hana a kwance ta. A wurin hemar nan aka kafa Fusɗaɗ wajen shekara ta 641, yau tana cikin tsohuwar Alƙahira. Ana jin daɗin irin waɗannan labarai a majalisi, ana girgiza kai ana cewa Allahu Akbar, sannan a tashi a koma gida a fesa wa gidan tururuwar da bai cuci kowa ba piya-piya. Labarin waliyyai idan bai sauka cikin aikin hannu ba, hira ce kawai aka yi.

Aikin hannun kuwa yana farawa da ruwa, domin daga Maris zuwa saukar damina ƙishirwa ita ce babbar jarrabawar duk mai rai a wannan ƙasa. Tabkuna sun ƙafe, gulbi ya zama rairayi, tsuntsu yana buɗe da baki a inuwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai lallage, Allah ya gode masa ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tabbatar musu cewa akwai lada a cikin kowane mai ɗanyar hanta. Fasasshen kasko ko gindin tsohuwar randa ya isa. Kada ya yi zurfi, gaɓar yatsa biyu ta wadatar, don ƙaramin tsuntsu yana son ya tsaya da ƙafarsa ya sha ya yi wanka. A jefa ƴan duwatsu a ciki waɗanda kansu ya fito sama da ruwa, saboda ƙudan zuma da zanzaro da malam-buɗe-littafi su samu wurin dafawa, in ba haka ba da safe gawarsu za a kwashe. A ajiye shi a inuwa, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa inda kyanwa ba za ta yi kwanton ɓauna ba, kusa da wata itaciya mai ƙaya wadda tsuntsu zai faɗa ciki idan shirwa ta kawo sura. A sa wani ƙarami a ƙasa domin bushiya da ƙadangare.

Akwai sharaɗi guda wanda idan aka bar shi sadakar ta koma cuta. Sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma cikin zafi irin namu na Sahel kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Zazzaɓin cizon sauro kuwa kowa ya san abin da yake yi wa yara daga Agusta zuwa Oktoba. Don haka a zubar da ruwan kaskon kullum, a cuɗe shi, a sake sabo. Da damina ma, lokacin da ruwa ya wadata ko'ina, a kife shi. Wanda ya ɗaura wannan aiki da lazimin safe, wato ya idar da wuridinsa ya tashi ya sauya ruwan, ba zai manta ba, kuma yaran gida za su taso suna ganin abubuwan biyu a haɗe.

Wani zai ce ruwan da ake saye a garuwa ko ake jira a layin famfo, ina aka ga na ba itace? Amsar tana cikin buta. Gidan da ake salla sau biyar ana zubar da ruwan alwala sau biyar, na maigida da na uwargida da na yara da na baƙi. Idan aka mayar da wurin alwala gindin dashe, aka yi masa ɗan gurbi aka zuba tsakuwa don kada ya yi caɓi, itacen zai rayu da abin da dā yake bin rariya. Ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar ganye su ma haka. Ruwan da ya ji sabulu mai yawa ne kawai za a kauce wa zuba wa ƙaramin dashe.

Game da dashen, hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim ya isa hujja: duk Musulmin da ya dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Abin lura a nan, an ambaci tsuntsu a jerin masu karɓar sadakar, kuma ba a sharɗanta cewa sai mai itacen ya yi niyyar ba shi ba. A ruwayar Jabir da ke cikin Muslim har abin da aka sace daga itacen an lissafa shi sadaka. Ke nan gwandar da tsuntsu ya huda, wadda ake tsaki a kanta, ta riga ta shiga littafin mai gida.

Wane itace za a dasa? Dogon yaro ya yi wa ƙasar nan hidima, da shi aka fara zagaye Yamai da shingen itatuwa tun 1965, da shi aka kafa layukan tare iska a kwarin Majiya cikin jihar Tawa, kuma yana cikin itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta, wadda ta zama ranar dashen itace tun 1975. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake, yana ba da inuwa, jemage da wasu tsuntsaye na cin ƴaƴansa. Amma gidan da babu komai sai dogon yaro kamar tukunyar da babu komai sai gishiri ne. Halittun wannan ƙasa sun saba da itatuwan wannan ƙasa. Magarya da kurna suna fure ƙudan zuma su taru, su yi ƴaƴa da sanyi lokacin da abinci ya fara ƙaranci, ƙayarsu kuma ta zama katanga ga sheƙar ƙananan tsuntsaye. Magarya dai ita ce sidr ta Larabci wadda aka ambata a Alƙur'ani, har malamai ke fassara Sidratul Muntaha da magaryar tuƙewa. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan sare ta, ya kuma yi bayani da kansa cewa ana nufin wadda ke daji, matafiya da dabbobi suna shan inuwarta, wani ya sare ta da gangan ba da hakki ba. Zogale yana tashi da sauri, cikin shekara guda ya wuce tsayin mutum, ganyen na tukunya, furen na ƙudan zuma. Lalle yana yin shinge mai ƙamshi. Kabewa da kuɓewa da yakuwa a gefen katanga suna kiran ƙwarin da ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, kuma ba don waɗannan ƙwari ba kabewar ba za ta ɗaura ɗa ba. Suratun Nahli, aya ta 68, da ta lissafa wuraren da aka yi wa ƙudan zuma wahayi ya yi gida, ta ambaci duwatsu da itatuwa, sannan ta ƙara da abin da mutane ke ginawa. Tun asali an ba shi izinin zama kusa da ɗan Adam.

Wani lokaci ma ba a bukatar dashe. Manoman jihar Maraɗi sun koya wa duniya wannan tun daga 1983, lokacin da aka fara abin da ake kira sassaben zamani: a bar kututturen da ke toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rage sauran, saiwar da ke ƙasa tun da daɗewa ta tayar da itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, gawon da ya rufe gonakin Matamaye da Magariya shaida ne. Abin da ya yiwu a gona zai yiwu a fili mai katanga. Wanda ya sayi fili ya tarar da tohon kalgo ko sabara ko aduwa a kusurwa, ya ce wa magini ya kauce masa.

Babban itace kuma yana da nasa baƙi. Shamuwa tana isowa gab da damina, ta yi sheƙa a tsakiyar gari kan tsamiya ko gawo ko kuka, ta ci fara da tsutsa a gonaki, idan kaka ta yi ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka. Kakanni ba su taɓa ta, ganinta bushara ce gare su cewa a gyara iri. Inda aka sare manyan itatuwan unguwa ba ta da wurin komawa. Angulu ya riga ya nuna yadda abin ke ƙarewa. Tsuntsun da dā ba a rasa shi a kowace mahauta, a 2015 aka shigar da shi jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma farautar sassan jikinsa don tsubbu. Yaro mai shekara goma a wasu garuruwa sai dai ya ji sunansa a karin magana.

Sai batun da ya fi wuya, wato abin da za a kashe da abin da za a bari, domin rahama ba ta nufin a bar kunama a shimfiɗar jariri. Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ya ba da izinin kashe wasu masu cutarwa ko da a cikin Harami, daga ciki akwai kunama da ɓera da kare mai cizo, wata ruwayar ta ƙara da maciji. Ibn Abbas kuma ya ruwaito hani a kan kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhuduhuda da wani tsuntsu da Larabawa ke kira surad. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta taɓo wannan a babinta na ƙarshe: ta karhanta kashe kwaɗi, ta karhanta ƙona ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, ta yarda a kashe tururuwa idan ta cutar kuma babu yadda za a yi da ita, tare da nuna cewa barinta ya fi soyuwa. Ma'aunin a fili yake. Kububuwar da ta shigo tsakar gida inda yara ke kwana a waje da zafi, a kashe ta nan take, babu taraddadi. Jan bakin da ya sauka wa gero, manomi ya kore shi da duk abin da ya iya. Amma kwaɗon da ke gindin randa yana cin ƙwarin dare, bushiya tana cin kyankyaso da sauran ƙwari, hawainiya da ƙadangare suna rage fara da ƙuda a garka. Wanda ya yi feshin guba ko'ina ya kashe waɗannan tare da abin da yake gudu, kuma abin da yake gudun ne ke rigan su dawowa. Gubar da ta kashe ƙwaro tana cikin cikin tsuntsun da ya ci ƙwaron, wani lokaci tana cikin kazar gida.

Saboda haka wanda zai bar wata kusurwa ta garka da busasshen ganye da ƴan itace don ƙananan halittu su ɓuya, abu ne mai kyau, yana kuma zama taki, amma ya nisanta shi daga ɗakin kwana da wurin wasan yara, ya share kewayensa fes yadda za a ga sawun abin da ya shiga ko ya fita.

Mujiya ta cancanci a tsaya a kanta, don an zalunce ta. Da ta yi kuka a kan soro sai a ce mutuwa ta kira, a tashi da jifa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kore camfi da tsuntsaye, ya kore abin da Larabawa ke kira hama, kuma an naƙalto daga Imam Malik cewa hama ita ce mujiyar da suke ɗauka sanarwar mutuwa ce idan ta sauka a gidan mutum. Ajali yana hannun Allah. Abin da ya kawo mujiya gidan shi ne ɓerayen da ke cin hatsin rumbu, kuma farautarsu take yi duk dare ba tare da an biya ta ba. Jemage shi ma ana ƙyamarsa, alhali shi ke ziyartar furen kuka da dare har ta yi ƴaƴa, shi ke yaɗa irin itatuwa da dama a daji. A dai guji cin ragowar ɗan itacen da ya gatsa.

Yara su ne masu gadin garkar ko masu rushe ta. Gwafar danƙo a wuyan yaro ta zama kamar ado, ba a ko tambayarsa me ya harbo. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ba da labarin wata tafiya da sahabbai suka ɗauke ƴaƴan wata ƴar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya dawo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da ƴaƴanta. Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Manzon Allah ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Abdullahi ɗan Mugaffal ya ruwaito hani a kan harba tsakuwa, da dalilin cewa ba ta farauta, sai dai ta karya haƙori ta tsiyayar da ido, kuma unguwanni da yawa suna da wanda danƙo ya raba da idonsa. Ƙari a kan haka, tsuntsun da dutse ya buge ya mutu kafin a yanka shi mushe ne, Suratul Ma'ida ta lissafa wanda aka buge ya mutu cikin abin da aka haramta. Duka ba ya gyara wannan. Abin da ya fi shi ne a damƙa wa yaron kaskon ruwan a ce amanarsa ce, a bar shi ya ƙirga masu zuwa sha, ya koyi bambanta hasbiya da kurciya, ya san lokacin da cilakowa ke bayyana. Muƙaddamai da malaman allo suna da dama a nan wadda iyaye ba su da ita, domin kalma ɗaya daga bakinsu bayan zikirin Juma'a tana zaga unguwa.

Wanda ke zaman haya a ɗaki ɗaya, ko ɗalibin da ke kwana a ɗakin makaranta, bai fita daga wannan alheri ba. Murfin roba da ruwa a kan katanga, tsabar gero kaɗan daga abin da aka tankaɗe, gwangwanin da aka shuka zogale a ciki don a kai wa zawiya idan ya yi ƙwari, duk suna cikin lissafi. Zawiyoyin da kansu su ne suka fi dacewa su fara, tunda a nan ake zubar da ruwan alwala fiye da ko'ina, kuma a nan ake da hannaye masu neman hidima. Hidima ga Shehi ba ta tsaya ga ɗaukar buta da shimfiɗa darduma ba. Muridin da aka ba shi itace guda a harabar zawiya aka ce ya raya shi har ya wuce bakin akuya, wato shekara biyu ko uku yana kai masa ruwa yana gyara masa shingen ƙaya, ya shiga wata tarbiyya ta haƙuri da ɓoye aiki, don babu mai yaba masa a kan haka, masu amfana kuma ba su iya cewa an gode.

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa idan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana roƙon ruwa, yakan haɗa bayin Allah da dabbobi a cikin addu'ar, ya roƙi a yaɗa rahama a raya ƙasar da ta mutu. Allah ya ba da damina mai albarka ga mutane da dabbobi da tsuntsaye, ya ƙara tsira da aminci ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.